Ina Ake Samun Kiɗan da Ba a Sawa a Rediyo? Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu guda: yadda mutum zai gano sababbin faya-fayan mawaƙa da makaɗa masu zaman kansu, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanoni, da kuma abin da ake kira kiɗan gwaji, wato wanda mai yin sa ya bar turbar da aka saba ya sari tasa. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuwa mun bar kowace ta yi tsawon da take bukata.

Daga wani malamin makaranta a Zariya: Assalamu alaikum. Na gaji da waƙoƙi goman nan da ke yawo a kowace tasha da kowane shago. An ce mini akwai dubban makaɗa da ba su da kamfani. Daga ina zan fara, kuma yaya zan yi kada in ɓace?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron ɓacewar nan yana da dalili. Kamfanin Luminate, mai ƙididdigar kasuwar kiɗa, ya nuna cewa a 2023 da 2024 ana ɗora sababbin waƙoƙi kimanin dubu ɗari kowace rana a manhajojin sauraro. Ko da kowace waƙa minti uku ce, abin da aka ɗora yau kaɗai zai ci maka fiye da wata shida kana saurare ba barci. Saboda haka kada ka fita neman waƙa. Fita neman mutum mai kunne, wanda ya riga ya tankaɗe ya rairaye. Wanda ya shiga Dawanau sayen wake ba ya kwance kowane buhu, dillalinsa yake nema.

Dillalin farko shi ne ƙaramin kamfanin faifai. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, suna zuba kuɗin aljihunsu a kan abin da suka yarda da shi, suna fitar da 'yan faya-fayai a shekara. Wanda zai yi asara in ya zaɓi shirme ba ya zaɓe da wasa. In faifai ɗaya daga wajensu ya shige ka, akwai kyakkyawan zaton na biyu da na uku ma za su shige ka, ko da makaɗan ba su taɓa haɗuwa ba.

Inda aka fi samun irin waɗannan kamfanoni shi ne Bandcamp, kasuwar kiɗa ta intanet da aka buɗe a Amurka a 2008. Buɗe asusu kyauta ne. Ɗauki faifai ɗaya da ka riga ka so, ka nemo shafinsa, sannan ka duba wuri uku. Na farko, sunan kamfanin da ya fitar da shi: shiga shafinsu ka danna maɓallin bin su, daga nan duk abin da suka saki za a aiko maka da saƙo ta imel. Na biyu, ƙarƙashin hoton faifan akwai ƙananan hotunan mutanen da suka saye shi. Danna biyar ko shida, za ka ga duk abin da kowannensu ya tara. Wanda ka tarar kun yi tarayya a faifai uku ko huɗu, bi shi, domin kunnenku ɗaya. Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi mantawa da ita, kuma a ganinmu ta fi sauran albarka, don mutum ba ya fitar da kuɗinsa a kan abin da bai taɓa zuciyarsa ba. Na uku, can ƙasan shafin akwai kalmomin da ke bayyana nau'in kiɗan da garin da ya fito. Sunan gari ya fi sunan nau'i amfani. In ka danna experimental, wato kiɗan gwaji, za ka faɗa cikin teku, amma in ka danna Kampala ko Niamey ko Lisbon za ka sami abin da za ka iya zagayawa a yamma ɗaya.

Dillali na biyu shi ne mai gabatar da shiri a rediyon da ba a rubuta masa abin da zai sa. NTS, wanda Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011, yana da tashoshi biyu da ba sa tsayawa dare da rana, kuma tsofaffin shirye-shiryensa suna ajiye, yawanci da jerin sunayen abin da aka sa. WFMU ta jihar New Jersey ita ma tana ajiye jerin waƙoƙin shirye-shiryenta na shekaru masu yawa. Akwai Resonance FM a Landan, da shirin Late Junction na BBC Radio 3 da ke gudana tun 1999. Kuskuren da ake yi shi ne tsalle daga shiri zuwa shiri. Zaɓi biyu kawai ka lazimce su wata biyu, sai ka san ɗabi'ar mai shirin, ka san inda za ka yarda da shi da inda kuka rabu.

Na uku su ne sunayen da ke bayan faifai: wanda ya ɗauki sautin, wanda ya tace shi, wanda ya busa sarewa a waƙa ta huɗu. Discogs, rumbun bayanan faya-fayai da ke aiki tun 2000, yana ba ka damar danna sunan kowannensu ka ga duk aikin da ya sa wa hannu. Mai tace sauti ɗaya zai iya kai ka ga makaɗa talatin da ba ka taɓa jin sunansu ba.

Sai tsari, don in babu shi duk wannan tarin shara zai zama. Tun 10 ga Yulin 2015 kasuwar kiɗa ta duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin faya-fayai, kuma ƙananan kamfanoni da yawa suna bin haka. Ran Juma'a ka tattara sunaye goma, kada su wuce. Ran Asabar ka ɗanɗana kowanne: waƙar farko gaba ɗayanta, da wata daga tsakiya. Ka zaɓi uku, ka saurari kowanne daga farko har ƙarshe sau uku cikin mako. Ka sami ɗan littafi kana rubuta kwanan wata, sunan makaɗi, kamfani, gari, da wanda ya kai ka gare shi. Wannan na ƙarshen shi ne muhimmi. Bayan wata biyu ka ƙirga, za ka tarar mutum biyu ko uku ne suka kawo maka kusan duk abin da ka riƙe. Sauran ka sallame su, akwatin imel ɗinka ya huta.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Bayero, Kano: Ina amfani da Spotify, amma kullum irin abu ɗaya yake kawo mini. Me ya sa, kuma akwai gyara?

'Yar'uwa, manhajar ba ta jin kiɗa yadda kike ji. Babban abin da take dubawa shi ne: mutanen da suka saurari abin da kika saurara, me kuma suka saurara? Sabon faifan da mutum arba'in suka ji ba shi da isasshen sawu a wannan lissafi, don haka ba zai taso ba sai kin je kin same shi da ƙafarki. Tana kuma lura da tsallakewa. Ana ƙirga waƙa a matsayin wadda aka saurara ne in ta kai daƙiƙa 30, kuma kiɗan gwaji sau da yawa bai ma gama gaisuwa ba a wannan lokacin. Mutane suna tsallake shi, manhajar tana ɗauka ba a so.

Gyaran da zai yiwu shi ne ki riƙa ciyar da ita da hannunki. Duk makaɗin da kika gano a waje, ki neme shi a Spotify ki danna bin sa, domin jerin Release Radar da ke sabuntawa kowace Juma'a yana fara ɗauka ne daga waɗanda kike bi. Discover Weekly, mai waƙa 30 kowace Litinin, yana bin abin da kika saurara a 'yan makonnin baya. In ƙannenki suna karɓar wayar su sa nasu, ko kina kunna kiɗan biki ana aikin gida, ki kunna sauraron sirri da ke cikin saitin manhajar kafin ki miƙa musu, in ba haka ba lissafinki ya gauraye. Amma ki sani, faya-fayan gwaji da yawa ba sa Spotify kwata-kwata. Kiɗa mai tsawon minti ashirin ana ƙirga shi sauraro ɗaya ne daidai da mai minti biyu, kuma tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan komai a kanta. Wasu makaɗan sun duba wannan sun ce ba da su ba.

Daga wani tela a Maraɗi: An turo mini wani kiɗa, minti goma sha takwas, babu waƙa, babu ganga, sai wani amo mai tsawo kamar injin nika daga nesa. Wannan kiɗa ne ko ana yi mana wasa da hankali?

Maigida, tambayarka a kan hanya take, kuma babu laifi in ka saurara da kyau ka ce bai yi maka ba. A cikin kiɗan gwaji akwai gwanaye, akwai kuma masu ɓuya a bayan sunan. Sai dai kafin ka yanke hukunci, ka tabbata ka ji abin da aka yi, don akwai yiwuwar rabinsa bai iso kunnenka ba.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri na can ƙasa, alhali irin kiɗan da ka bayyana, wanda Turawa ke kira drone, galibi a nan ƙasan aka gina shi. A lasifikar waya sai ka ji siraran sautukan sama kawai, ginshiƙin ya ɓace. Sa iyafis, ko da mai araha ne muddin yana toshe kunne, ka kashe keken ɗinki da fanka in zai yiwu.

Sannan ka sauya abin da kake jira. Mu Hausawa mun taso da waƙa mai magana: jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya yi kirari. Kunnenmu yana jiran baiti. Amma muna da wani abin a gida da zai buɗe maka ƙofa. Ka tuna mai algaita a ƙofar fada, yadda yake cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da busar ta yanke ba. In ka tsaya kusa da shi ka daɗe, za ka ji amon ba ɗaya ba ne: yana rawa, yana kauri yana sirancewa, wasu ƙananan muryoyi suna fitowa a samansa. Haka tsirkiyar goge in an ja ta a hankali. Mai kiɗan da aka turo maka ya ɗauki wannan ɓangaren ne kaɗai ya shimfiɗa shi minti goma sha takwas. A sauraron farko ka tambayi kanka sauti nawa ne a ciki, kuma wanne ne a dama, wanne a hagu. A na biyu ka ji minti na biyu, ka tsallaka zuwa na goma sha biyar, ka gwada: in wuri ɗaya kake, mai yiwuwa babu komai a ciki, in ka tarar an kai ka wani waje ba ka san lokacin da aka tashi ba, to gwani ne. Na uku ka bar shi ya tafi ba tare da ka binciki komai ba.

Kuma kada a ce maka wannan abin Turawa ne kaɗai. A 1944, a Alƙahira, makaɗin Masar Halim El-Dabh ya ɗauki muryoyin wani taron zar, mai kama da bori, da na'urar da ke naɗar sauti a kan zaren ƙarfe, ya sarrafa su a situdiyo har suka zama wani abu dabam, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya fara irin wannan aiki a Faris. A nan Nijar, Mamman Sani ya zauna da ogan ɗinsa mai lantarki fiye da shekara arba'in da suka wuce yana mayar da karin waƙoƙin gargajiya wani salo nasa. Jama'a da yawa sun san sautin daga tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa ba tare da sun san mai shi ba, sai a 2013 aka sake fitar da shi a faifai ya zagaya duniya.

Gargaɗi ɗaya, musamman ga nau'in da ake kira noise, mai ƙara da gangan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunne yana jure ƙarfin sauti na desibel 80 har awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa huɗu ne kacal. Irin waɗannan faya-fayan sukan fara shiru sannan su fashe ba sallama. Kada ka ƙure murya don farkon ya yi ƙasa, ka tsaya a kashi 60 cikin ɗari ko ƙasa da haka.

Daga wani matashi a Gombe: Data ce matsalata. Nawa wannan neman zai ci mini, kuma wane irin fayil ya kamata in sauke?

Ga lissafin. MP3 mai lamba 128 (lambar tana nuna ingancin sautin) yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai lamba 320 kuma kusan biyu da rabi. FLAC, wanda ba a zubar da komai daga sautin ba, yakan ci biyar zuwa shida, WAV kuma goma. Faifai mai minti 40 ke nan zai zo kusan megabait 40, ko 96, ko 200 zuwa 240, ko 400. Awa ɗaya ta rediyon intanet a 128 ba ta kai megabait 60 ba. Wato tsarin da muka ba Malamin Zariya, ɗanɗana faifai goma da shirin rediyo biyu na awa bibbiyu, ban da maimaita sauraron ukun da aka zaɓa, zai tsaya a ƙasa da megabait 400 a mako. Abin da ke cinye data shi ne bidiyo. In a YouTube ka sami kiɗan, ka sauke ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta tunda ba kallo ka zo ba.

Don ɗanɗano 128 ya isa. Abin da ka saya ka ajiye, ɗauki 320. A waya da iyafis na kasuwa da wuya ka bambance shi da FLAC. In ka saya a Bandcamp kana iya komawa ka sake saukewa a wani tsarin daga baya ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma duk da haka ka ajiye kwafi a memori ko kwamfuta, don makaɗi yana iya cire faifansa.

Ka yi hattara da 320 na bogi. Wasu suna ɗaukar fayil mai 128 su juya shi zuwa 320, girmansa ya ƙaru amma abin da aka zubar ba ya dawowa. In kana da kwamfuta, ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Spek tana zana hoton sautin: in ka ga an yanke shi ƙat a wajen kaɗawa 16,000, asalinsa 128 ne, na gaskiya yakan kai wajen 20,000.

Daga wata mai sauraron rediyo a Kumasi: Nakan ji kiɗa mai daɗi a shiri, in kunna Shazam ya ce bai sani ba.

Hajiya, Shazam, manhajar gane sunan waƙa, yana gwada abin da ya ji ne da tambarin faya-fayan da ke rumbunsa. Wanda ba a sake shi ba tukuna, ko aka sayar a kaset ɗari kawai, ko aka buga kai tsaye a situdiyon rediyo, ba ya ciki. Haka in mai shirin ya ƙara wa faifan gudu sosai ko ya ɗora biyu a kan juna. Ki gwada a wurin da babu muryar mai gabatarwa, sau biyu ko uku a wurare daban. In ya ƙi, ki rubuta sunan shirin da ranar da mintin, ki duba jerin waƙoƙinsa, ki ƙirgo daga wata da kika gane. In babu jeri, ki aika wa mai shirin da mintin daidai. Yawancinsu suna murna da irin wannan tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Daga wani mai shagon gyaran waya a Kano: Duk sunayen da ake kira na waje ne. Mu a Afirka, kuma mu a nan Arewa, ba mu da irin wannan?

Muna da shi, Alhaji, har ya fi ƙarfin masu rubuta shi. Fara da kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala, wanda ya tsiro a 2016 daga bikin kiɗan da aka fara a Jinja a 2015, tare da ƙaninsa Hakuna Kulala. Su suka fitar da singeli na unguwannin Darussalam zuwa kunnen duniya, kiɗan da ke gudun bugu 200 zuwa 300 a minti, alhali yawancin abin da ake rawa da shi a Legas bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Príncipe na Lisbon, tun 2011, yana fitar da aikin 'ya'yan baƙin Angola da Kef Bad da Gine Bisau da ke zaune a gefen birnin. Daga Nairobi akwai KMRU, mai gina kiɗa daga sautin unguwa da na daji, kuma Emeka Ogboh ya yi shekaru yana naɗar hayaniyar tashoshin motar Legas yana mayar da ita aiki. Masu tono tsofaffin kaset kuma akwai Awesome Tapes From Africa da Analog Africa.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sahel Sounds, da Christopher Kirkley ya fara a 2009. A 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwaso daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, sannan ya bi sawun masu su don a biya su. Ta nan aka fara jin Mdou Moctar na Nijar a Turai da Amurka. A 2013 kamfanin ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa, kiɗan fiyanon nan da muke ji kullum har mun daina lura da shi, masu sauraro a can kuwa suka karɓe shi a matsayin sabon abu mai ban mamaki. A 2020 kuma ya riƙa sakin ƙananan faya-fayai wata-wata, waɗanda makaɗan Sahel suka naɗa da waya suka tura ta WhatsApp.

Abin lura a nan shi ne inda aka samo su: a waya, irin wadda ake kawo maka gyara. Mafi yawan kiɗa mai zaman kansa na ƙasar Hausa ba ya Bandcamp. Yana wajen masu tura waƙa a Farm Centre da kasuwannin ƙauye, yana yawo ta Xender da Bluetooth, wani yana Audiomack inda ɗorawa kyauta ce. Yaron da ya haɗa gurmi da kiɗan kwamfuta a ɗakinsa, ko makaɗin biki da ya sauya wa fiyano murya har ta koma kamar kakaki, gwaji yake yi ko bai taɓa jin kalmar ba. Ka ce wa mai turi ya ba ka abin da ba a tambaya, wanda aka kawo masa daga Gumel ko Damagaram ya ajiye a gefe.

Ciwon wannan hanya shi ne ɓatan suna. Fayil yana wucewa hannu biyar sai ya koma Track 07, ko AUD da jerin lambobi irin na WhatsApp, mai aikin ya ɓace. Ka saurari farko da ƙarshen waƙar, don mawaƙanmu sun saba ambaton situdiyo da makaɗin da ya buga musu. Abin da ka samu ka rubuta shi a sunan fayil nan take: mawaƙi, waƙa, gari, shekara. In za ka tura wa wani, tura asalin fayil ɗin a matsayin takarda, wato Document a WhatsApp, kada ka kunna a lasifika ka naɗa da saƙon murya, don wannan yana kashe sautin. Mutum irinka, da wayoyi ke ratsa hannunsa kullum, in ya riƙe wannan ɗabi'a zai ceci sunayen da babu wani rumbu da ya ajiye.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Yamai: In na saya, kuɗin yana isa ga makaɗin kuwa? Kuma yaya zan san ba na'ura ce ta ƙirƙiri abin ba?

Malama, a Bandcamp kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari na cinikin fayil, ya koma kashi 10 in mai sayarwa ya haura dala 5,000, sai kuma ladan masu sarrafa biyan kuɗi. A lissafinsu kusan kashi 82 ne ke isa ga makaɗi ko kamfaninsa. Tun Maris na 2020 suna ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason, abin da ke isa ya kai kusan kashi 93. Ba kowane wata ake yi ba, suna sanar da ranakun a shafinsu. Ranar tana bin agogon yammacin Amurka ne, wato a Nijar da Najeriya tana farawa ƙarfe 8 ko 9 na safiyar Juma'a ta ƙare a daidai wannan lokacin ran Asabar. Ki riƙa danna alamar zuciya a kan abin da kike so yana taruwa, ki saya a ranar.

Tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, lissafinki mai sauƙi ne: faifan yuro 7 ya kama kusan sefa 4,600, ban da abin da banki zai cira. Faya-fayai da yawa an bar wa mai saye ya sa farashin da ya ga dama, wasu har daga sifili. In katinki ya ƙi wucewa, galibi ba a buɗe masa sayayyar ƙasashen waje ba ne ko ya kai iyakarsa, sai ki tuntuɓi bankinki. In makaɗin na gida ne kuma kina da hanyar isa gare shi, tura masa kai tsaye ya fi komai, babu mai cire ko sisi a tsakani sai kuɗin turawa. In kamfani ne ya fitar, rabon da ke tsakaninsa da makaɗi ya danganta da yarjejeniyarsu. Masu gaskiya sukan rubuta yadda suke rabawa a fili, kuma tambayarsu ba rashin kunya ba ce.

Batun na'ura kuwa ya zama gaske. Kamfanin manhajar sauraro Deezer ya sanar a Afrilun 2025 cewa kimanin waƙoƙi 20,000 da ake ɗora masa kullum, kashi 18 cikin ɗari, ƙirƙirar na'ura ce zalla, kuma daga baya ya fara liƙa musu alama. Kiɗa mai sanyi marar waƙa shi ya fi sauƙin kwaikwayo, don haka nan aka fi zuba jabun. Ki duba: an rubuta wanda ya buga me, da inda aka naɗa? Akwai bidiyon mutumin yana wasa a gaban jama'a, ko hira da shi a mujalla irin The Wire ko The Quietus? Faifai nawa ya saki, biyu a shekara ko shida a wata? Wani lokaci ma ana ɗora jabu a shafin makaɗi na gaske a manhajojin sauraro ba da saninsa ba. In sabon faifai ya bayyana da sunan wanda kike bi amma hoton da sautin ba su yi kama da shi ba, ki leƙa shafinsa na Bandcamp ko na kamfaninsa. In can ba su ambace shi ba, kada ki saurara har daƙiƙa 30, ki kai ƙara ta maɓallin da manhajar ta tanada, sannan ki aika wa kamfanin hoton shafin don su nemi a cire shi.